Madam Kande Iliya da Guraben da Take Bari

Gara in faɗa da bakina: ni mutum ne mai canza ra'ayi, ko hula sai na sauya uku kafin in fita. Madam Kande Iliya ta rigaye ni sanin haka.

Shekara ashirin da shida, bakwai da rabi na safe tana gaban tafiretarta a ofishin makarantarmu a Haɗeja. Ta yaye ƙyallen da ke rufe da ita, ta yi addu'a, sai ƙarar bugu har azahar. Tafiretar ba ta da alamomin lissafi. Duk inda alama za ta zauna, sai ta bar gurbi, ta sa ƙaramar lamba da fensir. Ma'anar lambobin tana kan takarda ɗaya tak a aljihun tebur: ɗaya sau, biyu rabawa, haka har talatin da ɗaya. Sai a ƙarshe take zana alamomin da tawada.

A 1992 na kammala littafin lissafin da na yi shekara bakwai ina fama da shi. Madam ta riga ta buga shi. Ranar Juma'a kwamitin tantance littattafai zai rufe karɓa a Dutse. Ranar Talata Malam Bakari, abokin koyarwata, ya nuna mini cewa ɗigon da na zaɓa a matsayin alamar sau, yara za su ɗauke shi ɗigon desimal. Wuri ɗari shida da wani abu. Sake bugawa kuwa wata biyu ne.

Na isa ofishinta, na faɗa mata. Ta saurare ni, ta ciro takardar nan, ta goge layin farko, ta sake rubuta shi da sabuwar alamar sau.

"Malam, ai ban zana ko ɗaya ba. Kai ne fa. Akwai saura, ko in fara?"

Laraba da la'asar ta gama. Bakari ya bi shafi-shafi yana neman kuskure, ya haƙura.

Madam, ke ce mai barin gurbi saboda raunin wasu. Ba ki koyar a aji ba, amma yaran Guri da Kafin Hausa da alamominki suka koyi sau. Yau da kike ajiye aiki, mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Masu tasowa, ku je ku ga takardar nan tun tana nan.

Shafin godiyar littafin yana da sunaye goma sha ɗaya. Babu nata. Ita ta buga shi, ba kuskure ko ɗaya.