Mbak Lastri, Uwar Maƙeran Tegal

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Alhamis, tara ga Mayu, Allah ya karɓi ran Sulastri Wiryodarmo, wadda muke kira Mbak Lastri, wato Yaya Lastri, a gidanta da ke garin Tegal, tana da shekara tamanin da ɗaya. Ni ƙanin mijinta ne, kuma tare muka tsufa a bakin wuta ɗaya.

Mbak Lastri, masu ganin masana'antar nan a yau ba su san rumfar da kika fara da yayana Wiryo ba, inda kuke sayar da ƙusa da kwaɗo da sakata, maƙera biyar suna dukan ƙarfe a bayanta. Shekara uku da buɗewa zazzaɓi ya ɗauke shi, kina da goyo. Maƙeran suka ce ba za su yi aiki ƙarƙashin mace ba. Har da ni a masu shawarar a sayar da rumfar, kuma har yau ina jin kunyar haka.

Ba ki yi mana gardama ba. Washegari kika ɗaura zane, kika hura wuta, kika zauna a zugazugi. Da na leƙo kika ce, "Tarno, in kallo ka zo yi, matsa ka ba ni iska. In aiki ne, ga guduma can."

Na ɗauki gudumar. Biyu daga cikin maƙeran suka dawo.

Ke kika dage mu narka ƙarfe mu zuba famfon rijiya na kanmu, don matan ƙauye su huta da jan guga. Bakwai suka tsage a jere. Ranar da na takwas ya kawo ruwa, kika zauna a ƙasa kika yi kukan da ba mu ga kin yi ba ranar jana'izar mijinki.

Da injin yanka ya cinye mini yatsu uku, na ɗauka tawa ta ƙare. Kika kai ni asibiti da kanki, da na warke kika ɗora ni a kan duba kaya, kika ce idona kike so. Shekara arba'in na yi a kujerar nan.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki, Ningsih da Harjo, da jikokinki, da ma'aikata ɗari biyu da suka kashe injuna suka bi gawarki da ƙafa. Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ban taɓa buɗe baki na nemi gafararki ba, Mbak. Allah ya haɗa mu inda zan nema.