Edna Dung, Wadda Ta Tambayi Goro

Ƙarfe shida na safe ba ya samun Edna Dung a gida. Kafin lokacin ta bar gidanta a garin Gaithersburg, nan ƙasar Turawa, ta sauka ƙasan benen asibitin da take aiki, ta kunna na'urar CT, ƙaton zoben nan da ake tura mutum ciki a kwance a ɗauki hoton cikin jikinsa. Sai ta gwada ta, ta ɗumama barguna, domin ɗakin sanyi gare shi kamar firji, ita kuwa ta san mai rawar ɗari zuciyarsa ba ta nitsuwa. Shekara ashirin da uku ke nan tana wannan, a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ba likita ba ce. Ita ce mai ɗaukar hoto, likita ya karanta ya sa hannu, godiya ta bi likita. 'Yar Filato ce, tashin Jos, tana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma duk asibitin ba wanda ya taɓa zaton wannan zai yi rana.

Hoton jijiyoyin zuciya aiki ne mai tsautsayi, don zuciya ba ta tsayawa a ɗauke ta. Sai an sassauta bugunta zuwa wajen sittin a minti, an sa wani ruwa ta jijiyar hannu, majinyaci ya riƙe numfashi na ɗan lokaci. In ta yi sauri, hoto ya fito dishi-dishi, toshewar da ake nema ta ɓuya. Shi ya sa ake hana mutum kofi da shayi tun ana gobe.

Wahida, 'yar Alhaji Issaka, ita ta ba da labarin nan. Mahaifinta mutumin Kumasi ne, dattijo mai shekara saba'in da ɗaya, ƙirji ya fara riƙe shi in ya hau bene. Sau biyu ana kawo shi hoto, sau biyu ana sallamarsa, zuciya ta ƙi sauka daga tamanin duk da ƙwayar da aka ba shi. Ga shi saura kwana tara ya tashi zuwa Kumasi, inda zai yi wata shida. Ya rantse in aka sake wahalar da shi, ya gama da asibiti, Allah Ya isar masa.

Zuwa na uku ya faɗo a hannun Edna. Ta dubi allo, tamanin da huɗu. Ta dubi takarda, an rubuta bai sha kofi ba, bai sha shayi ba. Sai ta dubi mutumin da kansa, abin da ba a cika yi ba. Ya buɗe baki zai yi mita, ta ga haƙoran nan jawur.

"Alhaji, barka da hantsi. Ya ƙarfin jiki?"

Dattijo ya zabura. "Ah! Ƙanwata, kina jin Hausa? To ki gaya masu na gaji. Ba kofi, ba ti, tun jiya. Na bi dokarsu."

"Na yarda, Alhaji. Goro fa?"

"Goro kuma? Ai ba su ce goro ba." Ya laluba aljihu ya fito da ɓari, har da miƙa mata. "Da ba don shi ba, da yunwar nan ta kashe ni tun safe."

Wahida ta ce ita kunya ta kama ta. A nan ta girma, ita ke yi wa mahaifinta tafinta, kuma bai taɓa zuwa ranta ba cewa abin da ke cikin kofi yana cikin goro. Edna ba ta yi dariya ba, ko da yake an ce kafaɗunta sun ɗan motsa. Ta jawo kujera ta zauna.

"Alhaji, goro da kofi uwarsu ɗaya, dukansu zaburar da zuciya suke. Ka ba ni kwana ɗaya ba goro. Kwana ɗaya tak."

"Shekara hamsin ban yi haka ba."

"Da azumi fa?"

"Ai ana shan ruwa nake kamawa."

"To daga yanzu zuwa gobe ka yi min azumin da ya ɗan fi tsawo. In hoto bai fito ba, ni da kaina zan raka ka filin jirgi."

Ya yi ta gunaguni, amma ya ajiye ɓarin a hannunta. Ta je ta shaida wa likita, ta nemo masa gurbin sake hoto. Washegari zuciya ta sauka hamsin da takwas. Edna ta kashe muryar na'ura mai ba da umarni da Turanci, ta ɗauki abin magana: "Ja numfashi, Alhaji. Riƙe. Kada ka motsa. To, saki." Hoto ya fito tas. Babbar jijiyar da ke gaban zuciyarsa ta kusa toshewa, saura ɗan zare. A makon aka buɗe ta, aka sa masa ɗan bututu.

Ke ce, Edna, mai ido a kan mutum kafin allo. Ba ki tsaya nan ba, sai da kika matsa aka ƙara goro cikin jerin abin da ake tambaya a sashenku. Abokan aikinki sun shaida yadda kike riƙe hannun mai tsoro har bugunsa ya lafa, da yadda kike fita da fara'a bayan kin ga mugun abu a allo, don faɗin sakamako ba huruminki ba ne. Wannan nauyi kin ɗauke shi shiru, kuma mun san ya ci ki.

Mun gode, Allah Ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma 'ya'yanmu da ke shiga aikin asibiti a ƙasar nan, kada ku bar harshen gida a bakin ƙofa. Ku tambayi iyayenmu abin da takarda ba ta san da shi ba.

Alhaji Issaka ya ɗage tafiyarsa, bayan wata uku ya tafi. Wahida ta ce da ta ga ya shige layin masu tafiya yana jan jakarsa, sai kuka ya ƙwace mata. Ta sha raka 'yan'uwa filin jirgin nan, wasunsu a akwatin gawa. Mahaifinta a kujerar fasinja ya tafi Kumasi, kuma da ƙafarsa ya dawo.