Yatsan da Kwamfuta Ta Yarda da Shi

Shekarun baya, lokacin da ƙafata ba ta gama gajiya da yawon duniya ba, ɗiyarmu ta fari da ke aure a Turai ta aiko mana da kwamfutar hannu ta wurin wani mai zuwa gida. Ba sabuwa ba ce, mijinta ya gama cin moriyarta. Amma sun cika ta da bidiyon ɗansu: ga shi yana rarrafe, ga shi yana tsala kuka a baho, ga uwar tana bin shi da cokali. Mu a Tibiri ba mu taɓa ganin yaron ba. Ita kanta ɗiyar, rabonmu da ita tun kafin ta sami cikinsa.

Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, irin matan da ce. Kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce. Ba ta kama sunan yarinyar nan, "waccan" take cewa. In ta bugo waya, sai ta miƙo mini salula ta ce tukunya na jiranta. In na kunna bidiyo kuwa, sai ta zo ta tsaya a bayana ta ce, "Bari in ga angon nawa, ko suna ba shi abinci." Da fuskar uwar ta bayyana, sai ta kau da kai tana gyaran ɗankwali. Na zauna a garuruwan da uwa ke rungume babban ɗanta a filin jirgi tana kuka gaban kowa, kuma ban ga laifinsu ba. Namu dai ba haka yake fita ba.

Wata rana na dawo daga masallaci na tarar da ita zaune gaban kwamfutar, a rufe, ta ɗora hannu bisa murfin. Ta ce ƙura take sharewa, alhali babu tsumma a hannunta. A nan na gane abin da take so: ta kalli ɗiyarta ba tare da idon kowa a kanta ba, har da nawa.

Abin da ya tare ta shi ne kalmar sirrin da ake bugawa kafin injin ya buɗe. Ta yi karatun allo, amma baƙaƙen boko ba ta san su ba. Na gwada koya mata, ta ce da tsufanta ba za ta shiga lakwal ta zauna aji da yara ba. Sai na yi dabarar masu ilimi, na cire kalmar gaba ɗaya. Gidanmu kuwa gidan kowa ne. Kafin wata ya mutu, ƴaƴan maƙwabta sun gano wurin, sun cika ta da finafinan kokawa, sun haɗa mata da cutar da ta hana ta ko kunnuwa da kyau. Ita mai ɗakin nawa ba ta ma sami sararin zama gabanta ba.

Na hau mota na kai kwamfutar Dogon Dutsi wurin wani abokina mai gyara. Tare muka yi lakwal. Ya fara da rediyo, ya koma talabijin, tsufa ya riske shi a kan salula da kwamfuta. Ya kwashe bidiyon ya ajiye, ya wanke injin tas, ya zuba masa sabon tsari. Yana cikin goge ta sai ya nuna mini wata ƴar tsaga a ƙasan maɓallan, kamar bakin asusu.

"Mushe, ka san mi ne wanga?" in ji shi, don haka ake kiran ƴan boko a wurinmu.

Na ce ado ne.

"Duk yawon da ka sha? Wurin shafa yatsa ne. In yana aiki, ba ka buga komi, yatsanka ne makulli."

Na ji kamar an buɗe mini taga. Na ce ya tada shi yanzu. Ya yi dariya, ya buɗe wani shafi inda injin ke jera kayan jikinsa, ya nuna mini layi ɗaya mai alamar ruwan ɗorawa. Injin ya san akwai abu a wurin, amma bai san ko mene ne ba. Ya ce sai an samo masa pilot. Ƴan Nijeriya direba suke ce masa. Wani ɗan ƙaramin shiri ne da ke tsayawa tsakanin injin da tsagar, yana gaya wa kowane abin da ɗayan ke nufi. Na ce ashe tafinta ne, ɗan'uwana a sana'a. Ya ce to sai in je in nemo ɗan'uwan nawa, shi ba shi da shi.

Lokaci kuma ya matse ni. An kira ni aikin tafinta a Njamena, zan yi damana duka can. In ban gyara abin nan kafin in tashi ba, zan bar ta ne da akwati a kulle.

Na sauka gidan wani ɗan'uwa, na mai da shagon intanet na kusa da tasha ofishina. Na fara da shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Suka ce, cikin ladabin Turawa, wannan samfuri ya tsufa, sun daina kula da shi. Na ce mu biyu ke nan. Na shiga wani shafin, na ga ƙaton maɓalli kore an rubuta a sauke kyauta. Na danna da ƙarfin zuciya. Abin da ya sauko ba direba ba ne, tallan caca ne da hotunan matan da ba su san tsadar atamfa ba, suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ga furfura, ga carbi a wuya, ga mutane a bayana suna jiran layi. Na rufe murfin na fita kamar wanda aka aika.

Abokina ya sake wanke ta yana ƙyaƙyata dariya har da tari. Da ya lafa ya ce, "Kai da sunan kwamfuta kake nema. Ba ita za ka tambaya ba. Tsagar nan tana da lambarta, kamar yadda saniya ke da shaidar mai ita." Ya shiga cikin layin nan mai alama, ya fito da wata doguwar lamba mai haɗe da baƙaƙe, ya ce ita zan zuba a wurin bincike.

Lambar ta kai ni wani dandali na mutanen Barazil. Da Fotugis suke rubutu, harshen da na tsinta a Bisau ina saurayi, wanda na ɗauka ya bi ruwa. Na zauna ina tono shi kalma kalma. Wani bawan Allah, shekaru kafin ni, ya sha irin wahalata. Ya bayyana cewa ba masu kwamfutar suka ƙera tsagar ba, saye suka yi, kuma akwai irinta a jikin kwamfutar wani kamfani dabam da bai cire direbansa ba. A ɗauko na can, in ji shi, a gaya wa injin ya karɓe shi kamar a tsohon tsari, sannan a kashe a kunna. Ban san shi ba, ban san ko yana raye ba, amma na sa masa albarka da Hausa.

Saukewar ma sai da ta ja mini rai. Rezo, wato layin intanet, ya kai rabi ya yanke. In rezo ya daidaita, wuta ta tafi. Abokina ya leƙo ya ce, "Hajiya ta san irin wahalar da kake sha?"

Na ce in ta sani za ta ce in bari.

"To don mi kake yi?"

Na ce saboda za ta ce in bari.

Ranar da direban ya sauka, muka bi maganar mutumin Barazil. Injin ya mutu, ya tashi, alamar ruwan ɗorawa ta ɓace, wata ƴar fitila ta ƙyafta a gefen tsagar. Na shafa yatsana, yatsan da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi alƙalami nauyi ba, nan take ta karɓa. Muka mai da kalmar sirri saboda yara, na kama hanyar gida ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Da hantsi na kira ta ɗaki na yi mata bayani. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Dangwale kuma? A wurin zaɓe in dangwala, a biron gwamnati in dangwala ana kallona, yanzu har cikin ɗakina?"

Na ce mata a filayen jirgin da na ratsa, manya masu kwat da digiri suna bin layi su dangwala, ba wanda ke tambayar sa hannunsu. Duniya ce ta zagayo ta same ta inda take.

"Sun ga uwar bari ke nan," in ji ta. Ta goge hannu a zane ta zauna.

Ta shafa babban yatsan dama. Injin ya ce a sake. Ta sake, ya ce a sake. Muka koma manuni, muka bi na tsakiya. Ta wanke hannu, ta shafa man kaɗe, ta goge, ta hura masa iska. Duk yatsun dama muka bi, ko ɗaya bai karɓa ba.

"Abin naka ya lalace, Malam."

Na kamo hannun na kai bakin taga. Shekaru nawa muna tare, ban taɓa duba shi a haske haka ba. Babu zane a kan yatsun. Sun shafe sumul, kamar dutsen bakin rijiya da igiya ta cinye. Taɓarya ta ci nata, kaba ta ci nata, toka da kanwa sun ƙarasa. Ta janye hannun ta ce in bar kallonta kamar boka.

Muka koma hagu. Su ma haka, har muka iso kan ɗan autan yatsa, wanda aiki ya fi tsallakewa. Ta shafa. Fitilar ta ƙyafta, injin ya ce ya karɓa. Na yi kabbara. Ita kuwa ta miƙe tsaye.

"Hagu? Da hagu zan buɗe ma angona ƙohwa? Ko gishiri maƙwabciya ta aiko nema ban ba ta da hagu. Ka riƙe abinka."

Na ce inji ne, bai san dama da hagu ba. Ta ce shi bai sani ba, ita ta sani. Ta fita. Haka na tafi Njamena, na bar kwamfutar bisa akwatinta an rufe ta da ɗankwali. In na bugo na tambaya ko ta buɗe, sai ta ce damana ce, wa ke da lokacin kallo, ta shiga ba ni labarin gero. Na saki rai cewa wahalata ta tashi a banza.

Na dawo bayan an yi girbi. Wata safiya na ce mata zan tafi gaisuwar rasuwa a unguwar gaba. Na kai bakin zaure na tuna tabarau, na juyo. Labulen ɗakinta bai rufe duka ba. Tana zaune bisa tabarma, kwamfutar a gabanta. Ta kama wuyan hannunta na hagu da na dama, yadda ake yi in dole ta sa za a miƙa wa babba abu, ta ce, "Afuwa, ba raini ba ne." Ta shafa, injin ya buɗe. Na ɗauka wurin angon nata za ta. Ta wuce shi, ta wuce na baho, ta wuce na cokali, hannunta ya san hanya. Ta tsaya kan wani guntu da ni ban ma kula da shi ba, inda ɗiyar ke zaune ita kaɗai bakin taga tana cewa sanyi ya shigo. Ta tsura mata ido, ba ta kau da kai ba. Sai ta kira sunanta, a hankali, ta ce, "Kin rame."

Na koma da baya. Na yi gaisuwar ranar ba tabarau, ban gane rabin waɗanda na gaisa da su ba.

Ban taɓa gaya mata na gani ba. Da suka zo gida daga baya, ta tarbi ɗiyar da "kun zo lahiya" tana kallon bango. Yaron ya kai hannun hagu cikin kwano, uwar ta ɗaga murya, kakar kuwa ta ce, "Ku ƙyale shi, ni na ja mashi." Ba wanda ya gane sai ni, ni ma na yi kamar ban gane ba.

Na yi rayuwata ina ɗauko magana daga bakin wani ina kai wa wani, a harsuna da dama, an kuma biya ni a kai. Amma aikin da na fi jin na yi daidai shi ne wanda na buɗe hanya na kauce daga kanta. Yanzu ɗakin yana nan, tabarmar tana nan. Wani lokaci da hantsi nakan tsaya bakin labulen ba tare da na manta komai ba.

Bayan an yi sadakar arba'in ɗinta, ɗiyar ta bugo. Muka gaisa, sannan ta ce, "Baba, don Allah, Inna ta taɓa kama sunana?"

Na ce sau ɗaya dai na ji da kunnena. Amma yadda ya fito daga bakinta, ba ranar ta fara ba.