Halvor Brekke, Mai Raba Jiragenmu da Gishiri

Kafin masu jirage su gama kurɓar kofin safe, Halvor Brekke ya riga ya zagaye tashar ƙauyenmu da tiyo a kafaɗa. Injin da ya kwana da ruwan teku a cikinsa, ba sai an nuna masa ba. Zai tsaya ya ɗura masa ruwan famfo har ya wanku, sannan ya nemo mai jirgin ya yi masa tatas. Mu masu ƙananan jiragen shan iska a wannan gaɓa ta Norway, babu wanda bai sha faɗansa ba, babu kuma wanda bai ci arzikin faɗan ba. Bana gwiwoyi sun ce masa ya isa haka, zai ajiye aiki. Yabon gwani ya zama dole, ni kuwa labarin Aslaug ne nake so a sani.

Mijinta Oddvar ya rasu ya bar mata ɗan jirgi mai inji da ɗakin katako a wani tsibiri, inda suke zuwa duk lokacin zafi tun suna amare. In babu jirgin, babu tsibirin. Ɗansu Terje, da ke aiki a Bergen, bai ɓoye mata ba.

"Mama, teku ba ta san takaba ba. In jirgin nan ya lalace a hannunki bana, sai mu sayar, hankalina ya kwanta."

Da bazara ta yi, Aslaug ta ɗauki buroshi ta shafe ƙasan jirgin da fenti ita kaɗai, ta yi shi tsaf kamar ɗakin baƙi. Ana shirin sauke shi ruwa Halvor ya duƙa ya leƙa.

"Aslaug, wa ya yi fentin nan?"

"Ni mana. Ka ga inda na bari?"

"Ai matsalar ke nan, ba ki bar ko'ina ba."

Kusa da farfela akwai wani dunƙulen ƙarfe mai laushi da muke kira ƙarfen fansa. Ana ɗaura shi ne tsirara don gishiri ya ci shi ya ƙyale farfela da inji. In aka rufe shi da fenti, gishirin sai ya juya kan abin da ake karewa. Aslaug ta lulluɓe shi ruf.

"Kai! Shekara da shekaru ina ganin Oddvar yana tsallake mummunan abin nan, ina cewa ƙiwuya ce."

"Ƙiwuya kam yana da ita, Allah ya ji ƙansa," in ji Halvor. "Amma a nan ya fi ki gaskiya."

Ta yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Mu da muke wurin duk muka sami abin dubawa a cikin ruwa.

Da ya so, kafin ta share ido ya kankare fentin. Bai yi ba. Ya miƙa mata wuƙar kankara ya ja da baya.

"Ni in kaka ta shigo zan ajiye aiki. In na yi miki yau, baɗi wa zai yi miki? Duƙa."

Haka ya sa ta a gaba har zafi ya wuce. Duk dawowarta daga tsibiri yana tsaye hannu a aljihu, sai ta wanke inji, ta ɗauraye igiyoyi, ta shafa mai inda ya kamata. Wata rana ta gaji ta ce, "Kai tsohon nan, ko uwar miji ba ta kai ka sa ido ba!" Ya ce ai akwai lungun da ba ta wanke ba.

Da kaka ta shigo aka fara fitar da jirage daga ruwa, Terje ya zo ganin ƙwaf. Aka ɗaga jirgin. Ƙarfen fansa ya cinye ya zama kamar guntun sabulu, farfela kuwa ko ɗigon tsatsa babu. Terje ya miƙa wa Halvor hannu.

"Na gode da ka kula mata da shi."

"Ni? Ko yatsa ban sa ba. Tambayi kowa a nan."

Terje ya dubi mahaifiyarsa, kunya ta kama shi. Can ya ce, "Mama, baɗi za ki kai ni tsibirin?"

"In za ka zauna inda na ce ka zauna."

Halvor, kai ne ka san cewa yi wa mutum aiki ya fi koya masa sauƙi, ka kuma zaɓi mai wuyar. Kai ne ka yarda a kira ka mai tsanani don kada a raba wata baiwar Allah da wurin da ta fi so a duniya. Mun gode ƙwarai, kuma za mu yi kewarka, har da faɗan. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi.

Ku kuma da kuka iya wani abu, kada ku tafi da shi a aljihu. Ku nemi wanda ake shirin ƙwace wa abinsa don an ce ba zai iya ba, ku tsaya a kansa har sai ya iya.