Farin Zanen da ke Akwatin Kaka

Ni ɗin nan da kuke gani da tumbi kamar rumbu, a tsumma aka fara naɗe ni. Ɗan fari ne ni, don haka a gidan iyayen Inna aka haife ni, can Furana, gidan da ko ɓera ya shiga sai ya fito yana yi musu addu'a. Ƙannena kuwa a gidan Baba aka haife su, a wani ƙauye gefen Makarfi, daidai lokacin da Turawa suka tattara nasu suka tafi, cinikin mazarƙwailar Baba kuma yana tashe. Su ne 'yan gata. Su ne kuma ba su zauna ba.

Maza biyu Inna ta fara haifa a bayana. Kowanne ya iso da kuka kamar ladan, amma kafin a je ko'ina sai idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ya ƙi nono, ya sandare. Ba wanda ya kai ranar suna. Ragon da aka saya wa na farko shi ya jira na biyu, ya zauna jiran na uku, har ya fara yi wa mutanen gidan kallon dattijo.

Da na ukun ya zo, kullum bayan magariba Kaka, mahaifiyar Baba, takan zauna gaban wutar ruwan wankan jego tana iza karare, mu jikoki mu kewaye ta. Wani maraice Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, ta fito daga ɗakin Inna tana taɓe baki.

"Iya, idon wannan ma ya fara. Ni dai na faɗa, jinin mutanen Furana ne. Mu a gidan nan ba mu gaji wabi ba."

Inna na ciki, tana ji. Kaka ba ta ko dubi Gwaggo ba, ni ta zungura da kara.

"Kai angona mai kan tulu, rufe bakin nan kada ƙuda ya yi ƙwai a ciki. Ku matso, ga wata nan tafe, mai gyangyaɗi ya kwana babu rabo."

Ta ɗaga murya yadda za ta kai ɗakin Inna. Wai wata maginiya ce ta samo yumɓu a wani rafi mai nisa, mai laushi kamar man shanu. Ta gina tulu uku. Ɗaya ya karkace, ta wurga shi bayan rumbu, rana ta busar da shi, kaji suka mai da shi gida. Biyun masu kyau ta ce ai waɗannan ba a haɗa su da wutar kara. Ta nemo itacen kirya, ta jera su cikin tukwanen maƙwabta, ta hura. Na maƙwabta suka fito jajur suna ƙara kamar kuge. Nata suka tarwatse. Ta koma rafin, ta sake gini, ta ƙara itace don ƙauna, suka sake tarwatsewa. Karkataccen nan kuwa yana nan har ta tsufa.

"To," in ji Kaka, "laifin yumɓu ne ko na wuta?"

Muka kaure da musu. Ni na ce laifin kajin ne, na sha rankwashi. Kaka ta ce, "Yumɓun bai fashe a rafi ba. Wutar kuma ba ta fasa na kowa ba sai nata. Duk wanda ya ce ya san mai laifi, ya tashi ya faɗa." Gwaggo ta ja tsaki ta shige madafa.

Sai Kaka ta miƙe ta buɗe akwatinta na ƙarfe, wanda Baba ya sayo mata a Zariya. Ƙamshin kafur ya cika tsakar gida, don ba ta wasa da zuba shi saboda asu da kyankyasai. Ta zaro farin zanen da ta fi ji da shi, irin waɗanda ta naɗe 'ya'yan Gwaggo da su suka girma kamar bijimai. Ta shiga ta ƙara naɗe jaririn a kan wanda ta ba shi tun ranar haihuwa. Na ji tana ce wa Inna, "Ki daina kuka, 'yar nan. Wannan dai ba zai rasa gata ba."

Bai kai suna ba. Inna ba ta sake haihuwar namiji ba, kuma har ta bar duniya in an ambaci Furana sai ta sunkuyar da kai.

Sai da na yi furfura, 'yata ta haifi namiji, idonsa ya yi irin launin nan, muka ruga asibiti a Zariya. Likita ta duba shi, ta tambaya ko muna ajiye kayansa da kafur, muka ce haka ne. Ta ce akwai wani rauni a jini da ɗa namiji ke gada ta wajen uwa. Mai shi yakan tsufa bai sani ba, amma in jariri ne ya shaƙi kafur, jinin sai ya farfashe, shawara ta hau masa kai. Suka gwada ni, ga shi a jikina. Yaron ya rayu, yanzu cin tuwonsa kawai ya isa ya jawo yunwa a Makarfi.

Ranar a mota har gida tsumman nan na Furana nake tunawa, wanda bai taɓa sanin ƙamshin kafur ba. Gwaggo ta faɗi rabin gaskiya da mugunta. Kaka ta yi tambayar daidai, da zuciya ɗaya, sannan ta tashi da hannunta ta ƙara itace. Na daɗe ina cewa da ma tana raye in ba ta amsar tatsuniyarta. Yanzu in na tuna yadda take lallaɓa zanen nan tana hura masa addu'a, godiya nake yi da Allah Ya ɗauke ta ba ta ji ba.