Jakin da Kawu Isiyaku ya ƙi mayarwa mutum

Kawu Isiyaku bai taɓa gaida mai jaki kafin jaki ba. Ku da kuka zauna Ƙofar Durbi kun sani. Mutum ya taho da mangalar yashi, sai Kawu ya tare shi, ya duba kofato, ya ɗaga akumari ya leƙa baya, ya ce, "Sannu da aiki, bawan Allah." Sannan ya waiwayo: "Af, kai ma ka kwana lafiya?" Shekara talatin yana malamin dabbobi. Ya yi ritaya, amma halin nan bai bi shi ritayar ba.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, kuma ni kaɗai na iya tafireta a dangi, don haka wahalar littafinsa a kaina ta ƙare. Labari ne da wani jaki mai suna Aura yake bayarwa da bakinsa. A bayan tsofaffin takardun rigakafin shanu ya rubuta shi, wai sayen sabuwar takarda almubazzaranci ne. Ina cikin bugawa in juya shafi in ci karo da "ciwon huhu", in rasa ko Aura ne ya kamu ko shanun mutane.

Wata rana da hantsi na iske shi duƙe a bakin zaure, kai sunkuye, yana kallon hanya.

"Kawu, lafiya?"

"Ina duba abin da Aura ke gani. Mai ɗauke da kaya ba ya ganin hula, Hadiza. Ƙafa yake gani, da sanda."

Mun gama littafin a shekarar da soja suka koma bariki karo na ƙarshe. Aka gayyace shi taron marubuta a wani aji a Ƙofar Kaura, na bi shi riƙe da takardu. Akwai wani Dakta da ke sharhin littattafai a rediyo, da wani Alhaji mai maɗaba'a da ya ce in Dakta ya yarda zai buga. Kawu bai nuna ba, amma na san yadda yake son ya ga abin nan da bango. Sabuwar riga ya saka, shi da ke cewa guga na cinye yadi.

Dakta ya yaba ƙwarai. Ya ce jakin nan talaka ne, sanda kuwa soja. Amma yanzu baki ya buɗe, ba sauran dalilin ɓuya a bayan dabba. A mai da Aura mutum, leburan kasuwa, ya faɗi ra'ayinsa kan sabuwar gwamnati.

"Ai ya faɗa," in ji Kawu. "Ya ce hotunan 'yan takara sun fi sanarwar soja daɗin ci, don da kullun fulawa ake liƙa su."

Aji ya ɗauki dariya. Dakta ya murmusa, ya koma kan shafin ƙarshe. Nan ne aka sayar da Aura, aka tura shi cikin babbar mota za a yi Kudu da shi, shi kuwa damuwarsa ɗaya, wa zai kai ɗan maigida makaranta in kogi ya kawo.

"Malam, wannan ya kashe wa mai karatu jiki. Ko harbi ɗaya ne ya yi. Ya nuna ya farka."

"Bai yi harbi ba."

"Ai kai ne marubucin, sai ka sa ya yi."

"Dakta, na ce bai yi ba."

Ya tattara takardunsa muka fito. Wallahi na ji haushinsa. Wata shida ina bugu, yatsuna har sun yi kanta, ga dama ta zo har gida ya sa ƙafa ya shure. A hanya na ce masa taurin kansa ya fi na Aura. Ya ce, "Na gode."

Sai da ya kwanta ciwon ajali na ji sauran. Na kai masa kunu da la'asar, ya ce in zauna. Aura jakin mahaifinsu ne, shi ya yi ta kai Kawu makaranta daga ƙauye. Da Kawu ya samu aikin gwamnati ya sayi keke, sai ya fara jin kunyar tsohon jaki ɗaure a ƙofar gidan ma'aikaci. Da hannunsa ya ja shi zuwa kasuwa.

"Ni na tura shi cikin motar, Hadiza. Na so ya harbe ni, da na samu sauƙi. Waiwayowa kawai ya yi. To ta yaya zan yi masa ƙarya bayan wannan?"

Littafin yana nan cikin akwatina, ba a buga ba, ban kuma taɓa masa ko harafi ɗaya ba. Har yau in na ga jaki da kaya a hanya, bakina yakan riga ni cewa sannu.

Allah Ya jiƙan Kawu Isiyaku, Ya yafe masa wannan ɗin da ya kasa yafe wa kansa, Ya sauke masa kaya. Amin.