Gashi Bakwai a Haɓata

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, gemu ya yi daraja a Daura. Abokaina duk suka sake shi, har mai gyaran rediyon unguwarmu sai da aka fara ce masa Ustaz. Ni kuwa haɓata sumul kamar bayan ƙwarya. Ga shi ina neman auren wata malamar firamare a Sandamu, wadda aka ce mahaifinta ba ya ga maciji da mai aske gemu.

Ba abin da ban shafa ba. Man shanu, man habbatus sauda, har tafarnuwa, wadda ta sa aka riƙa ba ni fili a sahun salla. Wata biyar ina fama, Allah ya ba ni gashi bakwai. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Kullum in na yi alwala sai na tsefe su da yatsa, mahaifiyata tana kallona tana girgiza kai.

Ranar da zan je gaida mahaifin nata, na biya wurin wanzamin gidanmu, tsohon da ya yi mini askin suna. Shi zamanin bai yi masa daɗi ba, don rabin aikinsa ya tafi. Ya kwashe mini kai tas yana ta mita. Iska ta kaɗa, na lumshe ido, sai na ji sanyin aska a haɓa.

"Baba! Me ka yi?"

"Gyaran fuska, ɗana. Wata 'yar ƙazanta na gani na share maka."

Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Haka muka kama hanya da wani abokina, shi gemu har ƙirji, ina ta jin haushinsa. Muka tarar da Malam a zaure, ya naɗa rawani, amawalin ya rufe masa fuska har baki. Na durƙusa na gaishe shi, hannuna a kan haɓa.

"Yaro, haƙori ke damunka?"

Ƙarya a gaban surukin gobe ba ta yi mini ba. Na sauke hannu na faɗa masa komai, har tafarnuwar. Ni kam na gama sallama auren. Can sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya ja amawalin ƙasa. Haɓarsa ta fi tawa santsi.

"Kai har bakwai ka samu? Shekara arba'in ina nema, uku aka ba ni. Faɗana da mai askewa ne, ba da wanda Allah bai ba shi ba. Kana samun Asuba a jam'i?"

Na sunkuyar da kai. "Wani lokaci, Allah gafarta Malam."

"To, ita za ka gyara, in ba ka 'yata. Wannan ba ta bukatar tafarnuwa."

Washegari ladan ma a ƙofar masallaci ya same ni.